Gaisuwa Kafin Lamba

Shekara uku na yi ina fara aikin safe da gaida wani tsoho a waya. Kada a ɗauka ladabi ne ya yi mini yawa, duk wanda ya san ni a Garwa zai gaya maka ba haka nake ba. Dole ce ta sa. In ban gaida shi ba, ba zan samu lambar da zan shiga rumbun bayanan ofishinmu da ita ba, in kuwa ban shiga ba, zaman banza zan yi har a tashi.

A lokacin wata ƙaramar ƙungiya nake yi wa aiki. Aikinmu nema wa yara takardar haihuwa, wadda a wajenmu ake kira akta. Yaron da ba shi da akta zai yi ta karatunsa lafiya lau har ajin ƙarshe na firamare, sai ranar rajistar jarrabawa a ce masa babu sunansa. Kafin kotu ta ba shi, sai an kawo wata shaida da ke nuna ranar da aka haife shi, ko katin asibiti, ko katin baftisma, ko takardar mai gari. Iyaye su kawo, a ɗauki hoton takardar, a shigar da ita rumbu, a ba ta lamba, a mayar musu da abinsu. Wannan duk a Mora ake yi, a wani ofishi mai ɗaki biyu kusa da kasuwa. Ni kuma ina Garwa, ina shiga rumbun daga nesa ina haɗa takardun kotu, lamba bayan lamba, yadda aka shigar da su.

Kwamfutar da ke riƙe da rumbun, wadda mu masu wannan aiki muke kira saba, a can Mora take. Ni da kaina na yanke haka. Hotuna suna da nauyi, intanet ɗin can kuma ba ƙarfi, sai na ce a bar rumbun inda takardun suke. Na faɗi haka a gaban taro, ƙarƙashin hoton shugaban ƙasa, wanda tun ina firamare shi ne a bango, katakon hoton kawai ake sakewa. Kowa ya gyaɗa kai, ni kuma na ji kaina ya kumbura.

Mai kula da kwamfutar tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya, Kirista, ɗan wani ƙauye a kan dutsen da ke bayan Mora. Hausarsa ta kasuwa ce, Fulatancinsa ya fi nawa, Faransancinsa kuwa ya fi na kowa a ƙungiyar. Baba nake ce masa. Shi kuma in yana son ya tsokane ni ya ce injiniya, in magana ta yi nauyi ya ce ɗana.

Baba ya ɗauki kwamfutar nan kamar dabbar da aka ba shi kiwo. Da lokacin tashi ya yi zai kashe ta, ya kashe akwatin intanet, ya zare wayoyi daga bango, sannan ya lulluɓe ta da wani tsohon zanen matarsa mai hoton tsuntsaye. Na yi bayani har na gaji cewa ita saba ba a kashe ta. Sai ya ce, "Kai ba ka barci ne, injiniya?" Illar kuwa ita ce, duk lokacin da aka sake kunna akwatin, sai a ba shi sabuwar lambar adireshi. Akwai hanyar da ake bi a tsayar da lambar wuri ɗaya. Na rubuta wa shugabar ƙungiyarmu sau nawa, kullum a ce sai taro mai zuwa.

Saboda haka kowace safiya ga yadda abin yake. In buɗe manhajar da nake shiga rumbun da ita, ta nuna mini gurabe biyar. Huɗu ba sa canjawa: lambar ƙofa, sunan rumbu, sunan shigata da kalmar sirri. Na sama ne kullum fayau, wurin adireshi. Sai in ɗauki waya in kira Mora.

Baba ba ya karanta lamba sai an gama gaisuwa, gaisuwarsa kuma ba irin ta mutanen birni ba ce. Ina kwana, ina gajiya, yaya Alhaji, yana nufin mahaifina, yaya ƙafarsa, yaya Hajiya, yaya kasuwa, yaya zafin Garwa, kogin Binuwai ya ja baya ko da saura. In ya gama, ni ma in ɗauko tawa, in tambayi Mama, wato matarsa, in tambayi yara, in tambayi dutse da awaki da dawar da ke gona. In na tsallake ɗaya, zai yi shiru har in tuna. In na yi gaggawa na ce, "Baba, lambar fa," sai ya ce, "To, rezon waya ya ɗauke, ban ji ba. Ina kwana?" Ya koma farko ke nan.

Wata rana na yi kuskuren gaya masa cewa su ma injina sai sun gaisa kafin ɗaya ta buɗe wa ɗaya ƙofa, wannan ta aika, waccan ta amsa, wannan ta sake tabbatarwa. Ashe na ba shi sandar da zai riƙa dukana da ita. Daga ranar, da na fara ƙosawa sai ya ce, "Ƙarfe ma yana gaisuwa, sai ɗan Alhaji ne ba ya yi."

Sai bayan duk wannan zai gyara murya ya karanto lambar da Faransanci, gida huɗu da ɗigo a tsakani, a hankali kamar yana ba ƴan aji shifta. In rubuta, in danna Haɗa, in jira. In koren alama ta fito, in ce, "Na shigo, Baba." Ya ce, "Maraba." Nakan kashe wayar ina tsaki, ina lissafin minti goman da aka ci mini. Ba zan yi ƙarya ba, ya sha ba ni haushi ƙwarai.

Akwai abin da ya kamata in yi tun farko ban yi ba, wato in jawo kwafin rumbun gaba ɗaya in ajiye a Garwa. Na taɓa ɗauko masa maganar. Ya ce, "Ɗana, wani ya ce wani abu ya ɓace a hannuna ne?" Na ce a'a. Ya ce, "To ka ga na tsufa ne, ana shirin bayana?" Kunya ta rufe ni, na ce wallahi ba haka nake nufi ba, na bar maganar. Ina iya jawo kwafin ba tare da ya sani ba, amma sai an bar kwamfutar a kunne da dare, lokacin da ba a aiki da ita, ni kuma na kasa sake roƙonsa. Sai na yi wata dabara da na ɗauka wayo ce, na sa kwamfutar ta riƙa yi wa kanta kwafi duk mako tana ajiyewa a cikinta. Na kulle ɗaki na bar makullin a ciki, kuma na je na rubuta a rahoto cewa akwai kwafi.

Sannan shekarun nan marasa daɗi suka shigo. Mutanen daji suka fara faɗa wa ƙauyukan kan iyaka, jama'a suka riƙa gangarowa Mora da abin da kai zai iya ɗauka. Gaisuwar Baba ta canja. In na ce yaya dutse, sai ya ce, "Dutse yana nan," ya wuce. Mutane suka fara zuwa ofis ba don kawo takarda ba, sai don a buga musu hoton wadda suka taɓa kawowa, saboda ta ainihin ta ƙone tare da ɗaki. A nan ne rumbun ya tashi daga kayan aiki ya zama shi kaɗai ne shaidar da ta rage wa mutane da yawa. Na san haka sarai. Kowane mako nakan ce wannan makon zan yi wa Baba magana.

Tun kafin nan na lura babu ko takarda ɗaya daga ƙauyensa a rumbun. Na tambaye shi. Ya ce, "Suna cikin aljihun tebur. In na sa su gaba, a ce tsohon nan ya buɗe ofis don danginsa. Bari na mutane su wuce." Haka suka yi ta zama, duk wanda ya zo daga wani ƙauye ya shiga gabansu. Sai da masu takardun suka matsa a ba su abinsu, saboda shingayen bincike sun yi yawa a hanya, sannan ya zauna ya shigar da su, su ne na can ƙarshen layi. Ba a yi wata biyu ba aka shiga ƙauyen aka cinna masa wuta.

A cikin na ƙarshen nan akwai katin jikarsa. Uwarta ta rasu tun tana goye, katin wani ƙaramin asibitin mishan shi ne kaɗai abin da ke ɗauke da ranar haihuwarta, shi ma ya ƙone a gidan kawunta. Yarinyar tana hannun Baba a Mora, tana ajin ƙarshe a makarantar firamare, lekol in ji Baba, kuma a shekarar za a yi mata rajistar jarrabawa. Yakan saka ta a gaisuwa. "Ta ci na biyu a lissafi," in ji shi, "na ce mata na biyu ba ci ba ne." Bai taɓa cewa in ɗauko nata in sa gaba ba. Ni kuma da nake bin lamba bayan lamba, na lissafa cewa zan kai gare ta kafin a rufe rajista, da ɗan saura.

Wata Juma'a da rana wuta ta ɗauke a Mora ta dawo da ƙarfi, kwamfutar tana kunne. Ta mutu, ta ƙi tashi. Asabar Baba ya gwada, Litinin ya gwada, babu. Ni ina Garwa ina ba shi umarni ta waya, cire wannan, mayar da wancan, ina sane kuwa da inda kwafina yake. Na fara shirin tafiya, shugabarmu ta ce hanya ba kyau a makon, in dakata.

Ranar Talata wajen ƙarfe goma na safe wayata ta yi ƙara. Baba ne. A shekara ukun nan bai taɓa kirana da safe ba, ni ne mai kira.

Na ce, "Baba, ina kwana, ina gaji..."

Ya ce, "Bari. Rubuta."

Ni da na yi shekara uku ina addu'ar ranar da tsohon nan zai ba ni lamba ba gaisuwa, sai bakina ya ƙi tsayawa. Na ce, "Lafiya dai? Yaya Mama, yaya..."

"Ɗana, na ce ka rubuta! Injin ya tashi, amma yana kuka."

Ya kara wayar a jikin kwamfutar. Na ji wani ƙas, ƙas, ƙas, kamar ƙwaro a cikin buhun wake. Duk mai aikinmu ya san wannan sautin. Faifan da ke riƙe da komai ne yake mutuwa, kuma ba wanda zai ce maka awa nawa ya rage masa.

Ya karanto lambar da sauri, na rubuta. Na danna Haɗa. Manhajar ta yi ta juyi, ta ce lokaci ya ƙure ba a amsa ba. Na sake dannawa. Koren alama ta fito. Ban ce na shigo ba, shi ma bai ce maraba ba.

Abin da aka koya mini a makaranta shi na yi, na zaɓi komai na ce a kwafo, daga lamba ta ɗaya zuwa ƙarshe. Lambobi suka fara hawa a ƙasan allo, a hankali, kowane hoto sai ya ja numfashi kafin ya iso. Baba ya ce ya buɗe tagogi, yana tsaye yana yi wa injin fifita da littafin rajista. Muka bar wayar a buɗe. Ina jin hayaniyar kasuwar Mora daga nesa, da ƙarar moto, da ƙas ƙas ɗin nan a tsakani. Lokaci lokaci ya ce, "Yana tafiya?" In ce, "Yana tafiya, Baba."

An yi kusan awa ɗaya kafin in gane abin da na aikata. Waɗanda nake kwafowa, na farkon layi, duk sun riga sun samu aktarsu tun bara da bara waccan. Takardunsu suna kotu, aktocinsu suna hannunsu, ba sa bukatar komai daga gare ni. Masu bukata suna can ƙasa. Layi ɗaya zan rubuta in juya tsarin, a fara daga ƙarshe. Amma sai na tsayar da wannan, na sake haɗawa, kuma da ƙyar aka amsa mini ɗazu. In na yanke aka ƙi buɗe mini fa? Na ɗora hannu a kan madannai na ɗauke ya fi sau biyar. Tsoro ne ya riƙe ni, ba wani abu ba, na ce wa kaina tunda yana tafiya a bar shi ya tafi. Ban gaya wa Baba komai ba.

Aka kira azahar a masallacin bayan ofis, ban tashi ba. Lambobin suka wuce waɗanda aka gama, suka shiga na masu jira, zuciyata ta ɗan kwanta. Ƙauye bayan ƙauye suna isowa. Na fara lissafi a raina, in ya ƙara minti arba'in mun tsira. Sai lambar ta tsaya. Na zuba mata ido. Can manhajar ta fito da jan rubutu cewa an rasa haɗi da saba. Na danna Haɗa, na sake dannawa, na sake, kowane karo ta ce lokaci ya ƙure.

A waya na ji fifitar ta tsaya. Baba ya ce, "Ya yi shiru, ɗana."

Bayan kwana goma, da hanya ta ɗan lafa, ya iso Garwa a motar haya, ya rungumo kwamfutar a cikin zanen nan mai tsuntsaye. Karo na biyu ke nan da na taɓa ganinsa ido da ido, ya rame fiye da yadda na san shi. Muka kai ta wurin mai gyara a kasuwa, wanda ake ji da shi a garin. Ya buɗe, ya ciro faifan, ya haɗa da tasa, ya kara kunne, sannan ya miƙo mana shi ya ce mu yi haƙuri.

Muka dawo ofis. Baba ya zauna a kujerata ya sa tabarau ya ce in nuna masa abin da aka samu. Na buɗe. Ya ce in gangara ƙasa. Na gangara har layi na ƙarshe. Ya karanta sunan ƙauyen da leɓensa, ya gyaɗa kai. Ƙauyen da ke gaban nasu ne a layi. Daga nan sai fari.

Na kasa riƙewa. Na gaya masa komai, kwafin da na ajiye a cikin injin, da yadda na gane tun da sauran lokaci cewa daga ƙasa ya kamata in fara, da yadda tsoro ya hana ni. Na so ya yi mini faɗa, da na samu sauƙi.

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya ce, "Ni tun da ka ce ka fara daga ɗaya na sani. Ni na jera su, ai."

Na ce, "To Baba, me ya hana ka ce in fara da naku?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi abin da ba a tambaya. "Da wane baki? Na mutane suna gaba."

Na ce akwai hanyar shaidu, kotu tana karɓar bakin mai gari da ungozoma in babu takarda. Ya ce ya bi wannan. Mai garinsu an ce yana wajen Bibemi wurin ɗansa, ba a san wace unguwa ba, ungozomar kuma ta tsallaka iyaka ba labarinta. Ko an same su, kotu ba ta zama sai wata mai zuwa. Rajistar jarrabawa kuwa an rufe ta tun ranar Juma'ar da ta wuce.

Ya ninke zanen gida huɗu ya sa a jaka, ya bar mana kwamfutar a ƙasa kusa da ƙofa. Ya miƙe zai tafi tasha, sai ya koma ya zauna. Ya ce, "Ranar nan na katse maka gaisuwa, ban kyauta ba. Ina kwana, ɗana?"

Na ce lafiya lau. Ya tambayi Alhaji da ƙafarsa, ya tambayi Hajiya, da kasuwa, da zafi, da kogi, bai tsallake ko ɗaya ba, ni kuma ina ta cewa lafiya lau. Da ya gama ya tsaya yana jira, don layi ya zo kaina. Na tambayi Mama, ya ce tana gaishe ni. Na tambayi awaki, ya ce biyu ne suka rage, suna nan. Na tsaya. Ya ci gaba da jira, kamar yadda ya saba in na tsallake wani abu.

Na ce, "Yaya yarinya?"

Ya ce, "Lafiya lau. Ta tafi lekol da safe, tana ta bitar lissafi. Ban gaya mata ba tukuna."